BABA INJINIYA DA GININ EKKLESIYARMU

GABATARWA

Godiya ta tabbata ga Allah Uba, wanda ya kiyaye wannan ekklesiya shekara hamsin cur, ya kuma kawo mu wannan rana ta Jubili da ranmu da lafiyarmu.

A wasu shafuffukan wannan littafi za ku ga jerin fastocin da suka yi kiwon garken nan, da hotunan Zumuntar Mata, da na mawaƙa, da na matasa. Amma da kwamitin Jubili ya zauna, sai muka ga tarihin ba zai cika ba in ba mu keɓe wuri ga mutanen da ba su taɓa hawa bagadi da rigar limanci ba, alhali da guminsu aka ɗora kowane bulo na wannan majami'a. Daga cikinsu mun zaɓi mutum ɗaya, marigayi dattijonmu wanda babba da yaro suka sani da Baba Injiniya. Ba mu saba kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa yau za mu fara ba. Labarinsa shi ne labarin tsararsa, shi ne kuma amsar tambayar da matasanmu sukan yi: me ya sa har yanzu muke sujada a nan, arewa da kogi?

KADUNA, GARIN MA'AIKATA

Kaduna ba irin Zariya ko Kano ba ce, masu ganuwa da tarihin sarakuna na ɗaruruwan shekaru. Gbagyi ne ke zaune a bakin kogin nan da gonakinsu sa'ad da layin dogo daga Baro ya ratsa ta nan, ya kai Kano a 1911. Gwamna Lugga ya ga wurin yana da ruwa da fili da hanyar jirgi, sai aka fara tsara gari a 1913, a 1917 kuma aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita nan. Daga baya layin Gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan, ya zo ya haɗu da na Legas a tashar Kaduna Junction, kudu da kogi.

Saboda haka kusan duk wanda ka gani a Kaduna a wancan zamani, aiki ne ya kawo shi ko ya kawo ubansa: soja, akawu, ma'aikacin reluwe, malamin makaranta, malamin asibiti, birkila, kafinta. Haka iyayenmu masu bi suka shigo. Waɗansu daga Wusasa, inda mishan ta C.M.S. ta koma a 1929 bayan Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905. Waɗansu daga Kagoro da Kwoi, ƙasar S.I.M. Waɗansu daga Filato da Adamawa da Binuwai, ƙasar S.U.M. Waɗansu kuma daga Garkiɗa, inda 'Yan'uwa suka fara aiki a 1923. Kowa da harshen gidansu, amma Hausa ta haɗa su, musamman tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Da ekklesiyoyin ƙasa suka fara tsayawa da ƙafafunsu, aka kafa ECWA a 1954, tarayyar TEKAS kuma, wadda yau ake kira TEKAN, a 1955. A nan Kaduna ma'aikatan da suka fito daga ekklesiyoyin wannan tarayya suka haɗa kai suna sujada tare, har HEKAN ta samu daga cikinsu. A 1963 kuma aikin Sabon Rai Don Kowa ya tashi a wannan yanki, ya koya wa talakan mai bi cewa shaidar bishara ba aikin fasto kaɗai ba ne. Wannan ita ce Kadunar da Baba ya girma cikin bangaskiya a cikinta.

DAGA MAKARANTAR MISHAN ZUWA GIDAN RUWA

Baba ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Makarantar mishan ce ta koya masa karatu da lissafi, a can kuma ya karɓi baftisma. Yakan ba mu labari cewa abin da ya fara ba shi mamaki da ya zo Kaduna ba mota ba ce, ba kuma jirgi ba, famfo ne. A garinsu mahaifiyarsa takan tashi tun duku-duku ta tafi rafi da tulu, ruwan da za ta kawo kuwa shi ne ya sha kwantar da 'yan gidansu da kurkunu da gudawa. Ga shi nan kuma an murɗa ƙarfe ruwa mai tsabta ya zubo. Tun ran nan ya ƙudura zai san inda ruwan ya fito.

Ya zo a kan gaɓa. Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato tana neman 'yan Arewa su karɓi aiki daga hannun Turawa, ga shi masu ilimin fasaha ba su taka kara sun karya ba. An buɗe makarantar koyon fasaha ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, aka kafa masana'antar kayan soja a 1964. Gari yana ta cika, kowace unguwa da kowace masana'anta kuwa ruwa take bukata. Baba ya shiga makarantar fasahar, ya fito ya kama aiki a sashen ruwa, daga baya ya ƙaro karatu har ya kai matsayin cikakken injiniya.

Ya sha kai 'yan Makarantar Lahadi da 'yan Birged su ga yadda aikin yake, da yawanmu kuma ba mu manta ba. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, da damina kuwa ja wur yake isowa saboda laka. Sai a jawo shi da injin, a zuba masa alimun domin lakar ta dunƙule ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa sinadarin kulorin daidai gwargwado domin kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan a tura shi manyan tankuna ya gangaro gidaje ta bututu. In aka yi sakaci da mataki ɗaya, ruwan zai fito fari tas a ido amma da cuta a ciki. Saboda haka aikin na masu tsoron Allah ne, domin babu mai ganin abin da mutum ya yi da tsakar dare sai Mahaliccinsa.

An gwada tsararsu a 1966. Bayan juyin mulki da kashe-kashen da suka biyo baya, dubban 'yan'uwa mutanen Gabas suka bar Arewa, a cikinsu kuwa akwai ƙwararrun ma'aikatan reluwe da na lantarki da na ruwa da na waya. Baba ya rabu da mutanen da suka koya masa aiki, waɗansunsu ma tare suke cin jibin Ubangiji, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Samarin da jiya suke riƙe wa maigida sifana, yau aka wayi gari injin yana hannunsu. Baba ya yi makonni yana kwana a wurin aiki a kan benci. Daga nan ne ya koyi darasin da ya riƙe har mutuwarsa, wato duk abin da mutum ɗaya kaɗai ya iya, a bakin lalacewa yake, dole mai sani ya koyar.

KAFUWAR EKKLESIYA DA GARDAMAR HARSASHI

Ekklesiyarmu ta kafu a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. An yi ƙarin albashin Udoji, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, Jihar Arewa ta Tsakiya ta koma Jihar Kaduna a 1976, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980. Unguwannin wannan gefe, irin su Kawo da Malali da Badarawa da Unguwar Rimi da Unguwar Dosa, suka cika da ma'aikata Musulmi da Kirista, gida na jingine da gida. Tafiya cikin gari sujada da yara ƙanana ta zama wahala, sai iyalai kaɗan suka fara taruwa a falon wani ɗan'uwa, daga nan aka koma rumfar kwano. Ƙararrawarmu ta fari guntun ƙarfen layin dogo ce da aka rataye a bishiya.

Da aka sami fili, aka naɗa Baba shugaban kwamitin gini, nan ne kuwa aka yi gardamar da dattawanmu har yau sukan tuna suna dariya, ko da yake a lokacin ba abin dariya ba ne. Jama'a sun yi baiko da zuciya ɗaya, Zumuntar Mata ta sayar da ƙosai da kunu, kowa yana ɗokin ya ga bango ya tashi da doguwar hasumiya. Baba ya zo ya haƙa ramuka a kusurwoyin filin, ya jira ruwan sama ya sauka, ya ga inda ruwa yake kwanciya. Sai ya gaya wa majalisa cewa kuɗin farko a ƙasa za a binne shi: harsashi mai zurfi da rodi, da lambatu kewaye da filin, da kwalbati a bakin hanya. Hasumiya kuwa ta jira.

Rai ya ɓaci. Waɗansu suka ce an kai kuɗin Allah an zuba a rami, waɗansu suka ce ilimin boko ne yake so ya nuna wa mutane. Akwai waɗanda suka janye baikonsu na ɗan lokaci. Dole mu faɗi gaskiya a nan, Baba ma ba mai sauƙin lanƙwasuwa ba ne a wancan lokaci. In ya tabbata yana da gaskiya, maganarsa takan fito da kaifi, ya taɓa sa aka rushe layin bulo guda na aikin gayya domin ya karkace, ba tare da ya lallashi samarin da suka wuni suna ɗora shi ba. Faston wancan lokaci ya kira shi gefe ya yi masa faɗa irin na uba. Ranar Lahadi mai zuwa Baba ya miƙe gaban jama'a ya roƙi gafarar samarin saboda zafin bakinsa, amma bai ce a mai da karkataccen bulon ba. Da yamma ya zo da igiya da tef ɗin awo ya koya musu yadda ake fitar da layi. Biyu daga cikin samarin nan da aikin gini suka ci abinci har tsufansu.

Ginin ya ɗauki shekaru. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, siminti da kwano suka yi tashin gwauron zabi. Baba bai yarda a ci bashi ba, bai kuma yarda a rage siminti a ƙara yashi ba. In kuɗi ya ƙare sai a tsaya, in ya samu a ci gaba. Kowane buhu da kowane kwano yana rubuce, kowane wata ana karanta lissafi a gaban ekklesiya, ko sisi bai taɓa ɓacewa a hannunsa ba.

A CIKIN GIDA

Wanda ya san Baba a wurin gini kaɗai, rabinsa ya sani. Gidansa a cike yake kullum, da 'ya'yan cikinsa da na 'yan'uwa daga ƙauye da aka kawo karatu, baƙo ba ya iya bambanta su. Kafin gari ya waye za ka ji waƙa tana tashi daga falonsu, sa'an nan karatun Littafi Mai Tsarki, kowane yaro da ayarsa, sa'an nan addu'a. Ko an kira shi da dare bututu ya fashe, in ya dawo da asuba sai an yi wannan sujada kafin ya kwanta.

Mama, wadda Allah ya bar mana ita har ta ga wannan Jubili, ita ce ta riƙe gidan da albashin da ba ya kaiwa ƙarshen wata. A zamanin da ake ba da kwangila mai maiƙo, abokan aikinsa da yawa sun gina gidaje a manyan unguwanni, shi kuwa gida ɗaya ya gina, shi ma a hankali. Mama ta gaya mana akwai lokacin da abin ya dame ta, har ta yi masa magana, amma daga baya ta gode wa Allah da yake babu wanda ya taɓa buga musu ƙofa da takardar bincike. 'Ya'yansa mata sun yi karatu daidai da maza. Kowane yaro kuma, mace ko namiji, sai da ya iya gyara famfo mai yoyo kafin ya bar gidan.

RITAYA DA KWANAKIN GWAJI

Baba ya yi ritaya cikin shekarun 1990, bayan ya cika shekara 35 na aikin gwamnati kamar yadda doka ta tanada. Mun zaci zai koma ƙauye ya huta. Ashe lokacin ne aikinsa a ekklesiya ya fara sosai. Ya buɗe wani littafi mai baƙin bango da muke kira littafin gyara. Kafin kowace damina sai ya zaga da matasa, a kwashe lambatu, a duba ƙusoshin kwano, a shafa wa katakon rufi baƙin mai saboda gara, a toshe duk inda bango ya fara tsagewa, a rubuta ranar da sunan wanda ya yi. Karin maganar da ya fi so ita ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ita yakan sulhunta ma'aurata, da ita kuma yakan tsawata wa majalisar dattawa in ƙaramin saɓani ya fara girma.

Garinmu ya riga ya ɗanɗana tashin hankali a watan Maris na 1987, sa'ad da rikicin Kafanchan ya bazu, da kuma watan Mayu na 1992 bayan na Zangon Kataf. Amma abin da ya faru a watan Fabrairu na 2000, kan batun shari'a, ya sake fasalin Kaduna gaba ɗaya. Fiye da mutum 1,000 suka rasa rayukansu, Kirista da Musulmi, aka ƙone majami'u da masallatai da gidaje da shaguna. Rikicin ya sake tashi a watan Mayu na shekarar, ya kuma dawo a watan Nuwamba na 2002. Mun binne 'yan'uwa. Majami'armu ma wuta ta ci rufinta da bencina da littattafan waƙoƙi. Baba da Mama kuwa wani tsohon abokin aikinsa Musulmi ne ya ɓoye su a ɗakin matarsa har ƙura ta lafa, kamar yadda masu bi da yawa a kudu da kogi suka ɓoye maƙwabtansu Musulmi.

Bayan haka aka yi ƙaura. Kirista suka riƙa tsallakawa Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmin can kuma suka dawo wannan gefe. Kogin da Baba ya yi rayuwarsa yana tace wa kowa ruwansa ya zama iyaka tsakanin mutane. Masaƙu ma suka bi sahu, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, aikin da ya haɗa mutane wuri ɗaya ya ragu.

Sai majalisa ta zauna kan magana mai nauyi: a sayar da filin nan a bi jama'a ƙetare, ko a sake rufi a zauna? Masu cewa a tashi ba matsorata ba ne, waɗansunsu gawar ɗansu suka ɗauka. Baba bai ga laifin kowa ba, da motarsa ma ya taya iyalai da yawa kwashe kaya. Abin da ya yi shi ne, ya bi bangon da guduma yana ƙwanƙwasawa taku bayan taku, ya haƙa gefen harsashi ya duba, sa'an nan ya kawo rahoto cewa ginin zai ɗauki sabon rufi. Ya ƙara da cewa akwai tsofaffi da gwauraye da 'yan makaranta da ma'aikatan asibiti da na bariki da ba za su iya tashi ba, in aka rufe ƙofar nan ina za su? Ya tuna wa majalisa kwanakin Nehemiya, yadda mutane suka gyara garun Urushalima, waɗansu kowa daura da gidansa, har aka gama cikin kwana 52. Ya ce shi da Mama a nan za su zauna. Aka yi addu'a, aka yanke shawara a sake rufi, aka kuma sa albarka ga 'yan'uwan da suka fara sabuwar sujada a ƙetare. Ekklesiyar da suka kafa 'yarmu ce, wakilanta suna tare da mu yau.

Zaman bai zama da sauƙi ba. An sake rikici bayan zaɓen 2011, a watan Oktoba na 2012 kuma aka kai harin bam majami'ar Katolika ta St. Rita, a nan wannan gefe namu. Mun shiga sujada ta tsakanin shingaye ana laluben jaka. Duk da haka Baba bai daina zuwa suna da jana'izar maƙwabta ba, in famfon masallacin unguwa ya lalace kuwa shi ake kira, ya tafi da sandarsa da jikansa mai riƙe masa akwatin kayan aiki. Haka ya zauna har Ubangiji ya kira shi gida cikin kyakkyawan tsufa. Ranar jana'izarsa, maƙwabta Musulmi ne suka share hanya suka tsare motocin baƙi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa cikin Kristi, yau bencinanmu ba su cika kamar dā ba, da yawanmu sai mun tsallako gada kowace Lahadi. Tsarar da ta aza harsashin nan ta kusa ƙarewa. Littafin gyara yana nan a ofishin magatakarda, amma da kwamitin Jubili ya buɗe shi, mun tarar shafuffukan baya-bayan nan babu rubutu. Lambatun gabas ya cika da ƙasa, silin ɗin ɗakin Makarantar Lahadi ya fara nuna alamar yoyo. Ba mu rubuta wannan domin mu kunyata kowa ba, laifin na dukanmu ne.

Saboda haka majalisar dattawa tana roƙo, kafin damina mai zuwa, kowace ƙungiya ta ɗauki sashenta: matasa lambatu da rufi, Zumuntar Mata ɗakunan yara, Zumuntar Maza bango da wutar lantarki. Muna da injiniyoyi da magina da masu aikin famfo a cikinmu fiye da zamanin Baba, muna roƙon kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Iyaye kuma a mai da sujadar asuba cikin gidaje, a kuma ci gaba da gaisuwa da ziyara tsakaninmu da maƙwabta, domin a nan Allah ya dasa mu.

Muna yi wa Mama da 'ya'ya da jikoki godiya da suka ba mu aron Baba shekaru masu yawa. Muna tunawa da dukan iyayenmu ma'aikata, maza da mata, waɗanda sunayensu ba su shiga wannan littafi ba amma Ubangiji ya san su. Allah ya ba mu alherin riƙe abin da suka bar mana, har waɗanda za su yi bikin shekara ɗari su tarar da ƙofar nan a buɗe. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da mu duka. Amin.

Kwamitin Tarihi, a madadin Majalisar Dattawan Ekklesiya.